Mai Ban-Ruwa Ma Ya Samu Rabo: Jawabi Kan Harkar Lambu a Ƙasar Kafur



Da yawa daga cikinmu mun zuba jari a noman rani a gida. Mu ne ke aiko da kuɗin injin ban-ruwa da taki da iri, amma wanda ke kwana a fadamun Gozaki, Mahuta ko Masari cikin sanyin hunturu wani ne dabam, kuma abin da yake samu bai wuce kuɗin jinga ba. Ranar da kwandon tumatir ya yi tsada a kasuwar Mile 12 ta Legas, ba ruwansa. Ranar da ya faɗi, shi ne na farkon sallama. To, ta yaya za mu zargi irin wannan yaro idan ya ajiye fartanya ya tafi birni acaɓa?

Mu tuna shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano, Kaduna da Katsina, har kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa ya dakatar da aiki saboda rashin kaya. Wannan tsutsa cikin ganye take ɓuya, sai mai duba shuka kullum da ido na mai abu ne zai gan ta da wuri. Ɗan ƙwadago da ke jiran la'asar ta yi ya karɓi kuɗinsa ba zai tsaya juya ganye ba, ni kuwa ban ga laifinsa ba.

A Ingila akwai wani kamfanin kayan lambu mai suna Riverford. A 2018 wanda ya kafa shi, Guy Singh-Watson, ya miƙa kashi 74 cikin ɗari na kamfanin ga ma'aikatansa ta hannun wata amana, maimakon ya sayar wa masu neman riba kawai, sannan a 2023 ya sakar masu ragowar. Ya yi haka ne domin manufar da aka kafa gonar a kanta ta ɗore bayansa. Kada wani ya ce wannan dabarar Turawa ce. Ɗaliban fikihu a zaurukanmu sun karanta babin musaƙa, inda mai itatuwa ke ba mai ban-ruwa kulawarsu bisa wani kaso sananne na amfanin.

Sai dai abin da wuya. Rabon riba yana buƙatar littafin lissafi a buɗe, mu kuwa ba mu son yaronmu ya san nawa dillali ya biya. Nan ne ake gane shugaba. Ƙungiyoyi da dama da aka kafa a zamanin shirin Fadama sun watse da zarar tallafi ya ƙare, domin tallafin ne ya tara su.

Roƙona ga wannan ƙungiya shi ne, a raninmu mai zuwa mutum biyar daga cikinmu su gwada: a rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa da liman, a cire kuɗin da aka kashe, a ware wa ma'aikata kasonsu, a kuma fayyace yadda za a yi idan an yi asara. A taron baɗi, in Allah Ya kai mu, su zo da littattafansu, tare da yaran, mu ji ta bakin kowa.