Wace Itaciya Ce Wannan a Tsakar Gida?

Idan bazara ta gabato, wata itaciyar da kika tarar a gidan aurenki takan yi fure, ke kuwa ba ki san sunanta ba. To, dubi gindinta, ganyenta da furenta. In gindin ya kumbura kamar na ƙaramar kuka, ganye ya zube, furen ja-ja mai leɓe 5, ƙariya ce. Ruwan jikinta dafi ne mai taɓa zuciya, har kibiya ake shafa wa. Kada ki jiƙa ta don magani. In yaro ya tauna, a garzaya asibiti. In kina shakka, maigida ya kai reshe wurin malamin gona. Allah ya tsare mana zuri'a.