Amfanin Ganye Mai Ɗaci Ga Lafiyar Iyali

(Jawabin da aka gabatar wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata, a kan abinci mai gina jiki.)



Allah ya hore wa mutanen karkara wata dukiya a gefen gona da bakin danga. Dukiyar nan ita ce ganye, kamar su shuwaka da tafasa da gasaya da zogale. Wasu suna da ɗaci, shi ya sa yara ke gudunsu. Manya kuma sukan ce abincin talaka ne, ba a nemansa sai damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa. Wannan kuskure ne. Tuwo yana ba da ƙarfi, amma shi kaɗai ba ya isar jiki.

Koren ganye yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke bukata don yin jini. Mace mai juna biyu ta fi kowa bukatarsa, domin ƙarancin jini yana jawo jiri da kasala, yana kuma jefa mace cikin haɗari lokacin haihuwa. Ganye yana kuma samar da bitamin A. Rashinsa ne ke kawo dundumi, wato yaro ya daina gani sosai da zarar magariba ta yi. Haka nan cin ganye yana hana cushewar ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace kowace rana.

To, yaya uwargida za ta sarrafa shi don kada amfanin ya salwanta?

Na ɗaya, a wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin a yanka shi. Shuwaka kuwa a murje ta kaɗan, kada a wanke ta har ta zama dusa.

Na biyu, kada a bar shi a wuta har ya yi lugub, kada kuma a cika masa kanwa.

Na uku, a sa ɗan mai. Bitamin A yana bukatar mai kafin ya shiga jiki. Saboda haka kwaɗon zogale ko na tafasa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa abinci ne na ƙwarai. Idan aka matsa lemon tsami ko aka yanka tumatir, sinadarin ƙarfe zai fi shiga jiki.

Na huɗu, wanda za a ajiye don rani a shanya shi a inuwa, a rufe saboda ƙura da ƙuda.

Sai dai a yi hattara. Ɗaci ba shi ne shaidar magani ba. Yaron da ke zazzaɓi a kai shi asibiti a gwada jininsa, kada a tsaya ba shi ruwan shuwaka ko na dogon yaro. Mai ciwon sukari kada ya bar maganin likita saboda garafuni. Mai juna biyu ma ta guji shan garafuni. A kuma hana yara cin 'ya'yan rai-ɗore, mai kama da tafasa, domin suna lalata hanta.

Kowane magidanci ya dasa zogale da shuwaka a cikin gidansa bana. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Allah ya ba da lafiya, amin.