Dokar makamashi da kayan solar da ke shagunanmu: jawabin magatakarda a taron tunawa da kafa ƙungiya

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa tun daga 15 ga Afrilu 2023.

Shugaba ya ce in yi bayani a kan dokokin da gwamnatoci ke shiryawa na barin fetur da dizal a koma makamashi mai tsabta. Na san wani zai ce wannan zancen 'yan boko ne. To, Alhaji, leƙa shagonka. Farantin sola, batir da inbata da ka jera, su ake nufi.

Mu a nan ba doka ce ta tura mu sola ba, duhu ne. Da Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar. A Yunin 2021 aka cire tallafin mai. A Janairun 2025 matatar Jaili ta ƙone, jirage marasa matuƙa kuma suka faɗa wa madatsar Marawi mai megawat 1,250, wadda ita ce uwar wutarmu. Mai gidan burodi a Omdurman da mai rijiyar unguwa ba su jira kowa ba, faranti suka saya, a hannunmu.

Dokar lantarki ta Sudan ta 2001 ce. An rubuta ta ne lokacin da wuta ke fitowa daga manyan tashoshi kawai, ba daga rufin gida ba. Dole wata rana a sake ta. Abin da ke damuna shi ne yadda za a sake. Tun da aka rushe majalisar dokoki a Afrilun 2019 ba a kafa wata ba, majalisar mulki da ta ministoci ne ke zama tare su zartar. Babu ɗan majalisar da za ka je gidansa da kuka. Wanda bai kai takarda da wuri ba, sai dai ya ji a rediyo.

Ku dubi Najeriya, inda da yawanmu ke da 'yan uwa da abokan ciniki. Dokar lantarkinsu ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, wannan madalla. Amma a Maris 2025 ministan kimiyya na lokacin, Uche Nnaji, ya ce gwamnati na shirin hana shigo da farantan sola don a raya masana'antun gida. Niyya mai kyau ce, ban musa ba. Sai dai in masana'antun ba su kai su wadata kasuwa ba, farashi zai tashi, talaka ya koma janareta, kayan kuma su ci gaba da shigowa ta daji. Mun ga haka da shinkafa lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Da layi ɗaya a takarda, mutumin kirki mai rasit ya zama ɗan fasa-ƙwauri. Irin layin nan nake tsoro a shigo mana da shi.

Don haka in an kawo daftari, kada mu tsaya kan shafin farko mai alƙawarin megawat kaza a shekara kaza. A tafi wajen jamarik. In an yafe wa faranti haraji aka bar batir da inbata, ba a yafe komai ba, domin batir ne ke cinye kuɗin, kuma shi ke riƙe wuta bayan magariba. Sannan a rubuta yafewar cikin doka. In sanarwa ce, gobe a tayar da dalar jamarik kayanka na kan teku, kafin su iso Port Sudan ribar ta narke.

Batun inganci kuwa, a nan zan ɓata wa wasu rai. Akwai farantin da aka rubuta masa ƙarfin da ba shi da shi, akwai tsohon batir da aka yi wa sabon kwali. Mu da kanmu ya kamata mu nemi hukumar Muwasafat ta gwada kaya, amma sau ɗaya, a mashiga, ta ba da takardar da kowane shinge zai karɓa. In ba mu nema ba, za a ce ƙananan 'yan kasuwa ne ke kawo jabu, a ba wa 'yan manyan kamfanoni lasisin su kaɗai.

Kwamiti zai rubuta takarda a kan waɗannan. Duk wanda ya shigo da kayan sola, ta Port Sudan ko ta Argin, ya kawo min kwafin rasit ɗin jamarik a ofis, za mu rufe sunansa, lamba kawai muke so. Iyaye mata masu firji da injin niƙa, ku ma ku faɗo mana nawa batir ya yi muku kafin ya mutu.