Fushin Talaka da Masu Cin Ribarsa: Jawabi ga Taron Malaman Firamare a Mada

 

An umurce ni da in yi tsokaci a kan zanga-zangar talakawa da mutanen da ke cin moriyarta. Zan fara da abin da babu mai musunsa a wannan ɗaki: ruwa ba ya tsami banza. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, farashin masara da kuɗin mota suka bi sahu. Mu a Zamfara muna da ƙarin namu. Mun ga sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, mun ga rufe makarantu da kasuwanni da katse layukan waya a Satumbar wannan shekara, ga gonakin da har yau manomi ba ya isa gare su sai da fargaba. Wanda ya fusata a kan waɗannan yana da hujja. Abin tambaya shi ne: idan fushin ya fito titi, hannun wa yake faɗawa?

Mu dubi watan Agustan 2024, lokacin da aka kira zanga-zangar kwana goma don neman kawo ƙarshen mummunan mulki. Dubban jama'a sun fito da koken yunwa na gaskiya. Amma tun ranar farko a Kano aka fasa cibiyar fasahar zamani ta Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wadda ake shirin buɗewa don koya wa matasa sana'a, aka yi awon gaba da kayanta. Aka shiga Babbar Kotun Jiha aka yi ɓarna, gwamnatin jihar ta ce har takardun shari'o'i aka kwashe. Jama'a, mai jin yunwa me zai yi da takardar kotu? Bayan kwanaki kaɗan sai ga tutar Rasha a hannun yaran da da yawansu ba za su iya nuna Rasha a taswira ba. Wani ne ya sayi yadin, wani ya biya tela.

To, wa ya ɗauki nauyin abin da ya biyo baya? Ƙungiyar Amnesty International ta ce aƙalla mutum 24 suka rasa rayukansu. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da mutum 76 gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, cikinsu da ƙananan yara waɗanda suka yi kusan wata uku a tsare. Wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka kuma sa belin kowannensu naira miliyan goma, kafin Shugaban Ƙasa ya ba da umurnin a sake su. Sa'o'in ɗalibanmu ne. Waɗanda suka zuga su ta Facebook da TikTok, suka tara mabiya da kuɗin talla, sun kwana a ɗakunansu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu cin ribar fushin talaka iri uku ne a ganina. Akwai ɓarawon da ke jiran cunkoso ya fasa shago, shi ne mafi sauƙin ganewa. Akwai ɗan kasuwar surutu, wanda abincinsa yawan masu kallo ne, ƙarya da gaskiya duk ɗaya a wurinsa. Sai na uku, wanda ya fi su wayo: ɗan siyasar da ke aron kukan talaka ya hau kujera da shi.

Misalin na ukun yana cikin tarihin da muka gani da idonmu. Ranar 1 ga Janairu, 2012, gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, suka shiga yajin aiki ranar 9 ga wata, mako guda bayan nan gwamnati ta sauko zuwa naira 97. Manyan 'yan adawa na lokacin sun yi Allah wadai da cire tallafin. Da mulki ya koma hannunsu a 2015, shekara guda kawai aka yi lita ta kai naira 145. Kowa na iya kawo dalilansa na tattalin arziki, ba su nake muhawara ba. Darasin da nake so mu riƙe shi ne, abin da talaka ya samu a 2012 ya same shi ne ta hannun ƙungiyar da ke da buƙata bayyananniya da shugabannin da aka san sunayensu, waɗanda suka zauna a teburin sulhu kuma suka san ranar dakatawa.

Ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. Nan Maru, maƙwabciyarmu, Malam Aminu Kano ya koyar a makarantar horon malamai kafin ya ajiye alli a 1950 ya shiga NEPU. Tun 1948 ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa. Ya yi fushi da zaluncin haraji da aikin tilas fiye da kowa a zamaninsa, sai dai ya mai da fushin karatu: ya koya wa talaka haƙƙinsa, ya nuna masa ƙofar kotu da akwatin zaɓe. Ya rasu a 1983 bai tara abin duniya ba, gidansa na Gwammaja yana nan shaida. Da wannan ma'auni za a auna duk mai cewa yana magana da yawun talaka.

Saboda haka ina ba reshenmu shawara huɗu. Ta farko, duk kiran da ya zo mana mu tambaya: mene ne takamaiman abin da ake nema, kuma wa ke da ikon biyansa? Ta biyu, wa ya yi kiran, zai tsaya a sahun gaba, da 'ya'yansa a cikin taron? Ta uku, daga ina kuɗin motoci da riguna da tutoci suka fito? Ta huɗu, kada mu yarda a ɗauki yaro ko ɗaya daga aji ko daga tsangaya a kai shi titi, ko da a kan buƙatar da mu kanmu muke goyon baya.

Wannan bai nufin mu yi shiru ba. Ƙarin girman da aka jinkirta, haƙƙin waɗanda suka yi ritaya, azuzuwan da babu rufi, tsaron malamin da ke bin hanyar daji zuwa makaranta, duk za mu ci gaba da neman su da takarda mai sa hannu, da wa'adi, da yajin aiki idan ta kama, ƙarƙashin tutar NUT. A aji kuma, darasin zamantakewa dama ce ta koya wa yaro ya tambayi mai ba shi labari: ina hujjarka? Yaron da ya saba da wannan tambaya tun yana aji huɗu zai yi wuyar saye da naira dubu ɗaya idan ya kai shekara goma sha biyar.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara, Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.