Jawabi Kan Ɗaukar Manyan Injuna A Tirela

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, shugabannin wannan ƙungiya, direbobi da 'yan uwanmu 'yan kasuwa mazauna Ikko, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Maganar da aka ɗora mana yau ita ce ta ɗaukar manyan injuna a tirela, watau irin su katafila, gireda, motar haƙa, taransifoma da manyan janareto. Wani zai ce ina ruwan mai sayar da goro ko shanu da katafila? To, da ruwansa. Yawancin kayan nan ta tashar jiragen ruwa ta Apapa da ta Tin Can suke shigowa, kuma da yawa daga cikin masu jan su zuwa Arewa 'ya'yanmu ne da ƙannenmu. Har ila yau mu ne kan shiga tsakani a yi cinikin mota, ga kasuwanninmu kuma a bakin titi.

Da farko a san nauyin abin da za a ɗauka. Matsakaiciyar motar haƙa takan kai tan 20, katafila samfurin D8 kuwa ta kusa tan 40. Irin wannan kaya motarsa daban ce, ita ce direbobi ke kira lobed. Bodinta ƙasa-ƙasa yake, layin tayoyinta na baya da yawa, domin nauyi ya rarrabu. Amfanin ƙasa-ƙasan nan biyu ne: kaya ba ya rinjayar mota a kan kwana, sa'an nan kansa ba ya taɓa gadar sama ko wayar lantarki. Wanda ya ɗora katafila a tirelar siminti don ya rage kuɗin mota, ya sani araha ba ta ado.

Na biyu shi ne lodi. A nemi wuri mai tauri wanda ba shi da gangara, a ja burki, a sa wa tayoyi waigi. A kankare laka daga ƙafar injin, a shimfiɗa katako ko tsohuwar taya, don ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi. Mai tuƙa injin ya hau a hankali, mutum ɗaya tak ke ba shi hannu, saura kowa ya ja baya. In ya hau, a tabbata ya zauna a tsakiya daidai, bai karkata gefe ba, bai kuma danne baya ya bar gaba sakayau ba. A sauke cebur ɗinsa ya kwanta a bodi, a kashe shi, a kulle. Daga nan sai sarƙa: kusurwa huɗu, kowace da tata, a ja ta har ta yi tsam, cebur ɗin ma a ɗaure shi daban. Igiya ba ta wannan aiki, haka nan sarƙar da aka yi wa walda. Kafin a tashi a auna tsawon kaya tun daga ƙasa, a gaya wa direba.

Na uku hanya. Daga Ikko zuwa Badun, Oyo, Ogbomosho, Ilori, a haye Kwara a Jebba a nufi Mokwa, duk mun san gangara da ramukan da ke ciki. Sarƙa takan saki in mota ta fara girgiza, saboda haka in an ɗan taɓa tafiya a tsaya a sake ja, kuma a duba ta duk inda aka yada zango. Kayan da ya fi bodi faɗi a sa masa jan ƙyalle da fitila, a samu motar rakiya a gaba, a yi tafiyar da rana. A gangara kuwa a sa babban giya tun daga sama, kada a saki mota don tsimin mai.

Jama'a, ku dubi matatar man Ɗangote da ke Lekki. A Disambar 2019 aka kawo mata wata doguwar tukunyar tace mai daga ƙasar Sin, nauyinta ya haura tan 2,000. Ba a bi da ita ta Apapa ba, a tashar ruwan da kamfanin ya gina don irin wannan kaya aka sauke ta. Watau tun kafin kaya ya iso an auna hanyarsa. Ku kuma tuna Ojuelegba a Janairun 2023, inda kwantena ta faɗo daga tirela ta danne ƙaramar bas, mutum 9 suka rasu. Kwantena ce ba inji ba, amma darasin ɗaya ne.

Yanzu sai mu juyo kanmu mu 'yan kasuwa da 'yan kamasho. In muka matse direba a ciniki har kuɗin bai isa lobed da sarƙa da rakiya ba, muka kuma ce lalle jibi ya kai Kano, to duk abin da ya faru muna da kaso a alhakin. Kuma mu baƙi ne a nan. In mota ta yi ɓarna a unguwar mutane, ba sunan mai kaya za a tambaya ba, cewa za a yi Bahaushe ne, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari.

Saboda haka muna roƙon shugabanni su sa tsofaffin direbobinmu su riƙa koya wa yaran mota ɗaurin kaya, kuma duk direban da ya ce mota ba za ta ɗauka ba, a goya masa baya, kada a nemo wani a bayan idonsa.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya mai da matafiya gida lafiya. Wassalamu alaikum.