Farfaɗiyar Yara a Ƙauyukan Bakin Kogi



Sunan da aka raɗa wa cutar nan, makantar kogi, ya sa muka daɗe muna duban idon dattijo, muka manta da yaron da ke yi masa ja-gora. A kan yaron zan yi magana yau.

Wani ɗan baƙin ƙuda ne, mai hayayyafa a inda ruwa ke gudu da ƙarfi, yake sa wa mutum tsutsar cutar idan ya cije shi. Ta girma a ƙarƙashin fata, ta yi ƙulli, ta yi ta zuba 'ya'ya shekara da shekaru. Su ne ke kawo ƙaiƙayi, su ne ke cin ido. Wannan kowa a nan ya sani.

Abin da bai bazu ba shi ne, a ƙauyukan da cutar ta yi katutu, farfaɗiya ma ta yi katutu. Yaro ne lafiyayye, babu abin da ya same shi wajen haihuwa, sai tsakanin shekara 3 zuwa 18 ya fara faɗuwa. A Mahenge ta Tanzaniya, tun wajen 1960, likita Louise Jilek-Aall ta bayyana yaran da kansu ke langaɓewa gaba yana gyaɗawa. An sake ganin haka a Kitgum da Pader na arewacin Yuganda, da Maridi da Mundri a Sudan ta Kudu. Sau da yawa ajiye abinci a gaban yaron, ko sanyin safiya, shi ke tayar da ciwon. Ku dubi halin uwar da kwanon tuwonta ke kayar da ɗanta.

Hujjar da ta fi gamsar da ni daga kwarin Mbam na Kamaru ta fito. An auna yawan tsutsa a fatar yara a farkon shekarun 1990, aka koma neman su bayan fiye da shekara 20. Binciken da aka buga a 2018 ya nuna gwargwadon yawan tsutsar a ƙuruciya, gwargwadon haɗarin farfaɗiya. Masana na ta muhawara kan yadda ƙwaƙwalwa ke taɓuwa, amma rigakafi ba ya jiran ƙarshen muhawara. Da Yuganda ta koma raba maganin tsutsar, wato aibamektin, sau biyu a shekara, tare da zuba maganin ƙuda a koguna daga 2012, sababbin masu gyaɗa kai suka ƙare.

Aibamektin kyauta ne. Tun 1987 kamfanin Merck ke bayar da shi da sunan Mectizan. Nijar ma ta kai gaci, domin a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da cutar. Najeriya kuwa ita ta fi kowa yawan masu fama da ita, kuma Taraba na cikin wuraren da ta daɗe.

A wajenmu idan yaro ya faɗi, sai a ce iska ce, a watse don gudun yawunsa. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu. Wuta da ruwa ne ke halaka yaran nan yayin da babu mai riƙe su, alhali akwai ƙwayoyi masu araha da ke tsayar da faɗuwar.

Roƙona ga ma'aikatan lafiya da ke zauren nan: duk ƙauyen bakin kogin da kuka kai Mectizan, ku tambayi mai gari yara nawa ne ke faɗuwa, ku rubuta, ku kai wa hukuma.