Lacca a kan Wake da Ƙarancin Jini

Kun sha ganin mai ciki ta ɗashe, jiri na ɗibarta. Galibi ƙarancin jini ne, domin jini ba ya ginuwa sai da sinadarin ƙarfe na abinci.

A ƙasar Ruwanda an fid da wake mai yawan ƙarfe, aka ciyar da ɗalibai mata kwana 128, jininsu ya ƙaru. An bayyana wannan cikin 2016. Wakenmu dabam ne, amma shi ma da ƙarfensa, kuma ba ya ta da sukarin jini da gaggawa.

Saboda haka ku gargaɗi talakawa su ci wake da tumatir ko lemo, kada su bi shi da shayi, don shayi na hana ƙarfen shiga jiki. Wadda ta galabaita kuwa, a kai ta asibiti.